Awon na'ura ko kunnen mai sauraro: wa za a gaskata wajen sayen kayan sauti?

"Assalamu alaikum Malam. Ina harhaɗa ɗan ƙaramin situdiyo a gida a nan Kano, ina ɗaukar murya ina kuma haɗa kiɗa. Na tara kuɗin lasifika biyu da hedifon da 'yar na'urar da ke haɗa su da kwamfuta. Da na shiga bincike sai na tarar mutane sun rabu gida biyu. Wasu sun ce kada in saurari kowa, in duba sakamakon awo kawai. Wasu kuma sun ce awo aikin banza ne, kunne ne alƙali. Har na ga wata na'ura da masu awo suka yi wa kaca-kaca, masu sauraro kuwa sai yabonta suke yi. Don Allah wanne ne ya fi nuna ingancin sauti na gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sana'ar. Abin da kake tambaya shi ne, idan takarda ta ce kaza kunne ya ce kaza, bayan wa za ka tura kuɗinka. Na daɗe ina aikin sauti, a ɗakin ɗaukar murya da kuma wajen ɗaura lasifika a zauruka da masallatai, kuma ga inda na tsaya: kunne ne alƙali, amma hukuncinsa ba ya karɓuwa sai an rufe wa mai kunnen ido. Awo na ƙwarai kuwa daga irin wannan sauraron aka samo shi, shi ya sa su biyun ba sa saɓawa kamar yadda ake zuzutawa. Rigimar da ka tarar, mafi yawanta tsakanin sauraron da ido ke ciki ne da wanda babu ido a ciki.

Ba yau aka fara ba, kuma a Amurka ta fi zafi. A 1962 J. Gordon Holt ya kafa mujallar Stereophile don yana ganin lambobin da ake bugawa ba sa gaya wa mai saye yadda kaya ke fita a kunne. A 1973 Harry Pearson ya biyo baya da The Absolute Sound, ya ƙara jaddada wannan ra'ayi. A ɗaya ɓangaren akwai Julian Hirsch na mujallar Stereo Review, wanda ya shafe shekaru yana ɗora kaya a teburin awo. Magadansa na yau su ne irin su Amir Majidimehr na Audio Science Review. Kada ka ɗauka masu bin kunne surutu kawai suke yi, don a farkon lamarin suna da hujja. Amfilifayoyin taransista na farko sun zo da lambobi masu ban sha'awa, sun doke na bawul (tsofaffin nan masu ƙwan gilashi) a takarda, amma mutane da yawa suka ji sautinsu da kaushi. Dalili shi ne ana auna su da sauti guda tsayayye, a kusa da ƙarshen ƙarfinsu, alhali wani aibin nasu a ƙaramin sauti yake fitowa, wani kuma sai kiɗa ya yi tsalle farat ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Matti Otala, ya yi rubutu a kan wannan na biyun a 1970. Ka lura da yadda aka warware matsalar: kunne ya yi ƙorafi, aka koma aka ƙirƙiro sabon awo da zai kama abin da kunnen ya ji.

Abin da ke ruɗin kunne

Na farko shi ne ƙarfin sauti. Idan aka kunna maka na'ura biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya ƙarfi da ɗan abin da bai kai desibel guda ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ba za ka ce ta fi ƙara ba. Cewa za ka yi ta fi cika, ta fi tsabta, bes ɗinta ya fi zama. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane zangon sauti daidai wa daida, kuma idan aka rage ƙarfi, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa. Masu shago sun san wannan ko da ba su taɓa jin sunan Fletcher ba. Ka kula da hannun mai sayarwa idan ya zo kan wadda yake so ka ɗauka.

Na biyu mantuwa ce. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ainihin launin sauti na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Wanda ya ce maka ya saurari wata lasifika a Legas bara, ta fi wadda ya ji jiya a Kano, labarin yadda ya ji a ransa yake ba ka.

Na uku shi ne babba, wato ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a harkar sauti haka abin yake ba tare da wani karin magana ba. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa idan aka sa wa mutum muryar da ke cewa "ba" a kan hoton leɓen da ke cewa "ga", yawancin mutane "da" suke ji. Ko ka san dabarar, kunnenka ba zai daina ruɗuwa ba. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka gwada wannan a kan lasifika a Harman, kamfanin da ke ƙera kayan sauti. Suka tara ma'aikata 40, suka sa su ba lasifika huɗu maki a bayan labule, sannan aka yaye labulen aka maimaita. Da ido ya shigo, manyan lasifika masu tsada da ƙyalli suka haura sama, wata ƙarama mai araha da ta yi abin kirki a bayan labule ta faɗo. Abin da ya fi ɗaure mini kai a gwajin shi ne wannan: a bayan labule, da aka sauya wa lasifikan wurin zama a ɗakin, maki ya sauya sosai, don sautin ya sauya da gaske. Da suna gani kuwa, makin bai yi wani motsin kirki ba. Ido ya ƙirƙiro bambancin da babu shi, ya kuma danne wanda yake akwai. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba.

Don haka idan mutum ya rantse maka cewa kebul mai tsada ya buɗe masa sauti, ba maƙaryaci ba ne. Ya ji abin da ya ce ya ji. Tambayar ita ce ko a cikin iska abin ya faru ko a cikin kansa.

Inda lamba ke yaudara

Fara da abin da ke jikin kwali a kasuwanninmu. Za ka ga 'yar lasifikar da ake ɗauka da hannu ɗaya an rubuta mata wat 5000 PMPO. Wannan ba awo ba ne, talla ce, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita a bayansa. Abin dubawa shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, wanda ake rubutawa da RMS. Shi ma kada ya ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka. Haka rubutun "20 Hz zuwa 20 kHz" (wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri) idan ba a faɗi iyakar hawa da saukar desibel a tsakani ba. Kusan kowace lasifika za ta iya yin ɗan motsi a 20 Hz, jinsa ne ba za a yi ba.

Ko awon gaskiya ma, lamba guda ba ta ɗaukar labari duka. Kamar tela ne ya auna tsawon riga kaɗai ya ce ta yi maka daidai. Ɗauki THD, wadda ke tara duk jirkitar da na'ura ta yi wa sauti ta mayar da ita kashi kaza cikin ɗari. Ba ta bambanta irin jirkitar. Akwai wadda ke zaune daf da sautin asali, ninki biyunsa, kunne ba ya cika kama ta don sautin asalin yana rufe ta, idan ma ya kama sai ya ji ta kamar ɗumi. Akwai kuma wadda ke faɗawa can nesa, ninki bakwai ko tara, ita ko kaɗan ce tana sukar kunne. Saboda haka amfilifayar bawul mai kashi 1 cikin 100 tana iya fin wata mai kashi 0.1 daɗin ji. Earl Geddes da Lidia Lee sun nuna a 2003 cewa alaƙar THD da abin da mutane ke ji mai rauni ce ƙwarai.

MP3 ma shaida ce. Idan ka auna bambancin fayil ɗin da na asali da ma'aunin da ake auna amfilifaya, sai ka ce ya lalace. Amma an ɓoye ɓarnar ne a wuraren da kunne ba ya leƙawa, kuma da gwajin sauraro a makance aka gina fasahar tun daga tushe.

Sai tseren SINAD da ake yi yanzu, wato lambar desibel da ke nuna yadda sautin asali ya ɗara shuu da jirkita, inda ake jera na'urori daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Awon yana da amfani, yana tona asirin kamfanin da ya yi aikin ganganci ya sa farashi mai tsada. Amma faifan CD gaba ɗayansa tazarar desibel 96 yake da ita tsakanin ƙara mafi ƙarfi da shiru. A ganina wanda ya ƙara kuɗi don ya tashi daga 110 zuwa 120, lamba ya saya. A ɗakin da fanka ke juyawa, janareton maƙwabci na ruri, ko kusa ba za a je ba.

Inda suka haɗu

Aikin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda Toole ya fara a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, ya ci gaba da shi a Harman daga 1991. Maimakon ya zaɓi ɓangare, sai ya riƙa zaunar da mutane a bayan labule suna ba da maki, sannan ya kai lasifikan ɗakin da ba ya mayar da amo ya auna su, yana neman wane awo ne ke tafiya da wane maki. Abin da ya fito shi ne mutane sun fi yarda da juna fiye da yadda ake zato. Suna son lasifikar da ba ta fifita wani zango a kan wani idan ana fuskantarta, wadda kuma sautin da take watsawa gefe bai saɓa da na gaba ba, don wannan na gefen ne bango ke dawo maka da shi. Daga nan aka samo awon da ake zagaya lasifika da makirufo a wurare 70, kowane digiri 10, wanda yanzu ya zama ƙa'idar CTA-2034. A 2003 Olive ya gwada mutum 268, da horarru da waɗanda ba su da horo, jerin zaɓinsu ya zo iri ɗaya, sai dai horarrun sun fi rowar maki, sun kuma fi tsayawa a kan magana ɗaya. A 2004 ya fitar da lissafin da ke hasashen makin lasifika daga awonta kaɗai, a kan lasifika 70 dacewar hasashen da makin mutane ta kai 0.86, inda 1 ke nufin dacewa cif. Kusan kashi 30 cikin 100 na makin daga bes yake zuwa.

0.86 babban abu ne, amma ba 1 ba ne. Wannan giɓin shi ne wurin kunnenka. Kuma a riƙa tunawa kamfani mai sayar da lasifika ne ya ɗauki nauyin yawancin aikin, ko da yake an buga shi a fili, wasu ma sun bi sawu sun auna da kayansu.

Yadda zan raba maka kuɗin

Na'urar da ke haɗa ka da kwamfuta, da kebul, da amfilifaya: a nan bi awo ka huta. Aikinsu su wuce da sauti ba ƙari ba ragi, kuma ma'auni ya fi kunne gani nesa ba kusa ba. A 1985 Bob Carver ya yi wa mutanen Stereophile alkawarin zai sa amfilifayarsa mai araha ta yi sauti irin na duk wadda suka zaɓa. Suka kawo ta bawul mai tsadar gaske, ya zauna da kayan awo yana daidaita tasa har bambancin da ke tsakaninsu ya kusa ɓacewa, suka saurara suka kasa rarrabewa. Wato abin da ake kira sirrin sautin bawul abu ne da ake iya aunawa har a kwaikwaya. Abin da za ka duba a taka na'urar shi ne ƙarancin shuu a mashigar makirufo idan an ɗaga ta, da ko tana da ƙarfin tura hedifon ɗinka. Kebul kuwa mai kauri daidai, mai kyakkyawan kai, ya wadatar.

Na'urar nan da ka ce masu awo sun kushe masu sauraro sun yaba, ɗayan uku ne. Ko aibin nata na gaske ne amma bai kai inda kunne ke ji ba, sai suna da farashi suka yi sauran aikin. Ko tana ƙara wani launi, ɗan ɗumi ko rage kaifin sama, wanda ke da daɗi. Ko kuma an auna abin da bai shafi yadda ake amfani da ita ba. Na biyun ya fi shafarka. Mai sauraro don nishaɗi yana da 'yancin son launi, ba mai hana shi. Kai kuwa mai haɗa sauti ne. Idan lasifikarka tana ƙara bes, za ka riƙa rage shi a aikinka ba ka sani ba, sai waƙar ta fita a mota ko a rediyo ka ji ta bushe. Kayan aiki gaskiya ake nema a wurinsu ko da ba daɗi.

Lasifika: yi amfani da awo ka tace, ka fitar da uku ko huɗu da aka auna su ta kowane gefe, sannan kunne ya zaɓa. Amma ka sani ɗakinka zai yi wa sautin abin da ya fi bambancin da ke tsakanin lasifikan. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai riƙa kumbura sauti a wajen 43 Hz, da 86, da 129, a wani wurin ya yi yawa, ka matsa taku biyu ya ɓace. Hawa da saukar desibel 10 ko fiye a bes ba abin mamaki ba ne, musamman a irin ɗakunanmu na bulo da siminti da tayil. Na sha shiga situdiyo in tarar an manne bango da kiret ɗin ƙwai ko siririn soso. Wannan ɗan kaifin sama kawai yake sha, igiyar sautin 43 Hz tsawonta ya kai mita 8, ba ta ma san da shi ba. A nan awo ya fi komai amfani, kuma naka ne na kanka: manhajar awon ɗaki ta REW kyauta ce, da makirufon awo irin UMIK-1 za ka ga abin da ɗakin ke yi, ka matsar da lasifika da kujera, ka sa abin shan sauti mai kauri a kusurwoyi. Da a ce ni ne, zan rage kuɗin lasifika in sa a nan.

Hedifon shi ne inda na fi sassauta wa kunne. Ana auna shi a kan kan roba mai kunnen roba, naka kunnen kuwa da siffarsa daban, kuma a zangon sama, daga wajen 8 kHz, awon kansa yana sauyawa da an ɗan gyara zaman hedifon ɗin. Sandar tabarau ko hular da ta hana shi mannewa tana zubar da bes. Binciken Harman ya fitar da wani tsarin sauti da ya fi karɓuwa, amma da aka rarraba masu sauraron, kashi 64 cikin 100 ne suka fi son sa yadda yake, kashi 15 suna son ƙarin bes, kashi 21 suna son a rage. Awo zai gaya maka inda hedifon ya dosa, ba zai gaya maka rukunin da kake ciki ba, balle ko zai matse maka kai bayan awa uku.

Idan za ka gwada da kanka

Daidaita ƙarfi tukuna. Ga na'urorin lantarki, sa sautin 1 kHz ka auna fitarsu da mitar lantarki har bambancin ya zama bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, wanda shi ne kusan desibel 0.1. Sa wani ya riƙa sauyawa ba ka gani, shi ma kada ya yi magana, kuma sauyin ya zama nan take. Tsarin da aka fi sani shi ne ABX, wanda David Clark ya bayyana a 1982: ka ji A, ka ji B, sannan a ba ka X ka faɗi wanne ne. Idan ka ci 12 cikin 16, da wuya a ce sa'a ce. Idan ka tsaya a 8 ko 9, canki-canka kake yi. Rashin cin gwajin bai tabbatar da cewa babu bambanci a duniya ba, ya dai nuna bai kai ka biya kuɗi a kansa ba.

Ga lasifika, saurari guda ɗaya tak maimakon biyu, aibi ya fi fitowa a haka, kuma haka ake yi a Harman. Yi amfani da abin da ka san sautinsa a zahiri: muryar mutumin da kake magana da shi kullum, kalangu, gurmi, tafi. Muryar magana ta fi kiɗa tona asiri, da an ji ta kamar daga cikin akwati ko ta hanci, akwai matsala a tsakiyar zangon.

Akwai abubuwan da jadawali ba zai nuna maka ba. Faɗin fili da zurfin da lasifika biyu ke zanawa a gabanka har yanzu awo bai kama shi da lamba guda ba. Kunnenka ma yana sauyawa, da shekaru da kuma yawan zama a gaban manyan lasifikan biki. Ƙa'idar NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, ita ce kada kunne ya wuce desibel 85 na awa 8, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu. Sannan wanda ya auna na'urar a Turai ko Amurka da tsayayyar wuta ya auna ta, kuma ta asali ya samu. Kai za ka haɗa ta da janareto ko inbata, a gidan da wataƙila ba a yi wa wayoyinsa hanyar ƙasa ba, a zafin watan Afrilu, kuma jabu sun cika kasuwa. Saboda haka ka yi ciniki da sharaɗin za ka kai gida ka gwada kwana biyu. Idan ka haɗa, kafin ka sa kowace waƙa, ɗaga ƙarfin ka kasa kunne ko akwai gurnanin 50 Hz ko shuu, a wutar NEPA da kuma a janareto, sannan ka bar ta a kunne na wasu awanni ka taɓa bayanta ka ji zafin.